Kwamfutar da Ta Tambayi Asalinmu

Ƙanina ya zama injiniya ranar wata Litinin, tsakanin ƙarfe takwas da takwas da kwata na safe, ba tare da ya shawarci kowa ba. Kafin nan mai sito ne a gidan ƙyanƙyasar kajin da nake aiki, kuma ni na tsaya masa aka ɗauke shi. Ba-Matsala ake ce masa, domin ko rufin ɗaki ne ya faɗo masa a ka, abin da zai fara fita daga bakinsa ke nan.

Ni aikina kula da injin ƙyanƙyasa. A ranar akwai ƙwai dubu goma sha biyu a cikinsa, sun kwana goma sha takwas, saura kwana uku su fashe. Ƙwai a irin wannan lokaci ba ya son wasa. Zafi ya ɗan hau ya dahu, ya ɗan sauka ɗan tsako ya mutu a ciki. Shi ya sa Injiniya, matar da ke kula da kwamfutarmu, ta haɗa injin da kwamfutar ofis, ta kuma haɗa kwamfutar da zauren hirarmu na waya. Duk rabin awa saƙo zai faɗo wa kowa, ya ce zafi kaza ne, laima kaza ce. Ni da Manaja da Direba duk muna cikin zauren, har da dillalan da ke sarar 'yan tsaki a wurinmu.

Injiniya ta haihu ranar Juma'a. Ranar Litinin saƙo ya ɗauke ɗif.

Manaja ya tsaya gaban kwamfuta yana kallon wani jan rubutu na Turanci, layi huɗu, kamar wanda aka aiko wa sammaci. Na ce a kira Injiniya. Ya ce haba, mai jego ta kwana uku, da wane baki? Daga nan ya juyo gare ni.

"Ki koma ki zauna gaban inji, ki zuba wa ma'aunin zafi ido har a gyara. In ƙwan nan ya lalace, babu ruwana da kwamfuta, ke zan riƙe."

A daidai lokacin ƙanina ya shigo. Tun ranar da Injiniya ta tafi hutu ya rataya wani ɗan filashi, irin na ajiye bayanan kwamfuta, a wuya da jan zare, yana yawo da shi a ƙirji kamar likita da abin awonsa. Ya dubi allon, ya dubi Manaja, amma inda idonsa ya fi daɗewa shi ne kujerar Injiniya, mai taya biyar, mai juyawa. Shekara biyu yana harin kujerar nan.

"Yallaɓai, ba matsala," in ji shi. "Ai fannina ne. Ina da satifiket."

Gaskiya ne yana da shi. Yana rataye a sito cikin gilashi, can sama kusa da rufi, inda sai da tsani mutum zai karanta. Ni kaina ban taɓa karanta shi ba, kuma ɗakinmu ɗaya tun muna yara.

"Kafin ƙarfe goma sha biyu saƙo zai dawo," ya ƙara. "In ya dawo, sai a duba maganar kujerar nan. Mai jego ai sai ta yi wata uku."

Na ja hannun rigarsa. "Kai, ka koma sitonka."

"Yaya, ki koma wa ƙwanki. Kowa da abin da ya karanta."

Manaja ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce in abin ya ɓaci ƙofa ɗaya za mu bi. Haka aka ɗaura aikina na shekara tara a wuyan Ba-Matsala, kusa da filashi.

Tagar gilashi ce tsakanin ɗakin inji da ofis, saboda haka duk abin da ya biyo baya na gani da idona. Ina duba ma'auni, ina leƙa taga, in abin ya ishe ni in fito.

Ya zauna a kujera, ya juya sau biyu don ya ji daɗinta, sannan ya ɗauki hoton jan rubutun da wayarsa, wayar ta fassara masa. Layin farko ya ce: takardar shaida ta ƙare aiki, ba za a aika saƙo ba.

"Kun ji ko?" in ji shi. "Takardar shaidar Injiniya ce ta ƙare. Kwamfuta ta lura babu mai ilimi a ofis, shi ne ta yi yaji. So take a nuna mata sabuwa."

Ya aiki Direba ya ɗauko tsani, aka sauko da satifiket. Ya goge ƙurarsa da hannun riga, ya kife shi a ƙirji don kada mu gani, sannan ya ɗaga shi gaban ɗan idon kyamarar da ke saman allo. Ya riƙe shi minti guda cur, yana murmushi a bayansa. Jan rubutu bai motsa ba.

"Wataƙila ba ta sa tabarau ba," in ji Direba.

"Kai da ka san sitiyari kaɗai, ka yi shiru. Gilashin ne ke ƙyalli."

Ya tsallaka titi zuwa shagon mai hoto, aka yi masa sikanin takardar, ya dawo ya yi ta laluben inda zai cusa ta. A duk cikin kwamfutar wuri ɗaya ya samu da ya yarda ya karɓi hoto, sai ya cusa ta a nan. Kwamfuta ta karɓa ba gardama. Ya tafa hannu. Jan rubutu yana nan yadda yake.

Layi na biyu ya ce: ba a yarda da wanda ya sa hannu ba.

Wannan bai dame shi ba. Ya karɓi hatimin Manaja, ya hura masa iska, ya buga shi a gefen kwamfutar, a kan farin ƙarfe. Ya sa Manaja ya rattaba hannu a ƙasan hatimin da alƙalamin maka. Manaja ya rattaba, har da kwanan wata, yana ƙunƙuni cewa bai taɓa sa hannu a jikin abu mai fanka ba.

Layi na uku ya ce: sarƙar shaida ba ta cika ba.

"Yauwa," in ji Ba-Matsala, "yanzu ta fito fili. Sarƙa take so."

Na buɗe ƙofa. "Wace irin sarƙa kuma?"

"Ta tsaro, Yaya. Duk wani abu na kwamfuta tsaro ne. Injiniya ta bar ta sakaka, ko kwaɗo babu."

Ya sa aka kwanto sarƙar da ake ɗaure babbar ƙofar gida da ita. Direba ya jawo ta tun daga waje, ƙararta ta sa mai shayin bakin titi da mai hoto suka biyo shi su ga abin da ake ciki. Aka zagaye kwamfuta da sarƙa sau uku, aka danna mata kwaɗo. Ba-Matsala ya ƙirga zobban, ya ce babu wanda ya ɓalle, sarƙa ta cika.

"Me ta sata?" in ji mai shayi.

"Gyara ake," in ji Direba.

"To, Allah ya raba mu da irin wannan gyara."

Mai shayi ya jingina da bango, mai hoto ya samu buhun dusa ya zauna. Babu wanda ya kore su, domin Ba-Matsala yana son 'yan kallo, Manaja kuma ya fara shakkar kansa.

Layi na huɗu ne ya tayar da ƙura. Waya ta fassara shi, ƙanina ya karanta a zuci, na ga fuskarsa ta canza. Ya sake karantawa. Ya miƙe tsaye a hankali.

"Me ta ce?" in ji Manaja.

"Yallaɓai, wai ba a san asali ba."

Mai shayi ya ce subhanallahi a ƙasan maƙoshi.

"Asalin takarda take nufi," na ce. "Ba ka ga an rubuta takarda ba?"

"Takardar wa? Ba tawa ba ce a ciki yanzu? Yaya, zagin nan har da ke." Ya nuna allon da yatsa. "Ke, ni za ki tambayi asali? Ke da aka kawo ki a kwali, ba uwa ba uba, sai lamba a gindi?"

Ya fara jero mata kakanninmu. Ya faɗi ubanmu da sana'arsa, ya faɗi kakanmu da gonarsa, ya wuce zuwa kakan kakanmu, wanda ni ban taɓa jin labarinsa ba sai ranar, kuma a bakinsa har doki ya samu. Da ya ga faɗa da baki bai isa ba, ya zauna ya rubuta su duka a wani gurbi da yatsa ɗaya. Sannan ya ce in zo in tsaya gaban kyamara in shaida cewa uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya.

Kunya ta kama ni har cikin ƙashi, amma ƙwai na ciki, kuma a lokacin ko rawa aka ce in yi wa kwamfutar zan yi. Na tsaya na ce, "Ƙanina ne. Ba ni na zaɓa ba." Na koma ɗakin inji.

Sha ɗaya da rabi ta yi. Hatimi, sarƙa, kakanni, duk ba su motsa jan rubutu ba. Gumi ya jiƙa wa Ba-Matsala riga, filashin wuyansa yana lilo a kan madannai. Can sai idonsa ya faɗa kan ɗan agogon da ke kusurwar allo, ya yi wani murmushi da na sani tun yana yaro, irin wanda yake yi kafin ya fasa wani abu.

"Yallaɓai, ta ce takarda ta ƙare yau. To, wa ya gaya mata yau yau ce?"

Ya mayar da kwanan watan kwamfuta baya da shekara goma, wai don kada takardar ta sake ƙarewa a zamaninsa. Jan rubutu ya canza. Kowa ya matso. Waya ta fassara: takardar shaida ba ta fara aiki ba tukuna.

"Ɗazu ta tsufa, yanzu ba a haife ta ba," in ji mai hoto. "Ka nemo mata lokacin ƙuruciya."

Ba-Matsala ya ce dama gwaji yake. Ya yi tunani, ya ce zai kai ta ranar da ya tabbata tana cikin hankalinta, wato ranar da aka yi ƙyanƙyasar baya, kwana goma sha tara da suka wuce, ranar da komai ya tafi daidai. Ya danna.

Jan rubutu ya ɓace. Wayoyin da ke ofis suka yi ƙara a tare.

Ban taɓa ganin ɗan Adam ya kumbura irin na ranar ba. Ya tura ƙafa a bango, kujera ta kwashe shi har bakin ƙofa, ya juya sau uku hannuwa a sama. Ya ce wa Manaja a fara tunanin wanda zai riƙe sito. Ya ce wa mai shayi daga yau madararsa cokali uku ce. Manaja har ya dafa masa kafaɗa.

Ni kuwa ina ɗakin inji, sai na ji wani abu ya yi ƙas a bayana. Fitilar zafi ta mutu. Tagogin iska na saman inji suka buɗe da kansu, manyan fankoki suka tashi. Na dubi ma'auni, allura ta fara sauka. Na zaro wayata na karanta saƙon da ya shigo: an gama ƙyanƙyasa, 'yan tsaki sun fito lafiya, dillalai su zo su ɗauka, an kashe zafi don a wanke inji.

Kwamfuta ta yarda da ƙanina ɗari bisa ɗari. A wurinta ranar ƙyanƙyasar baya ce, babu ƙwai ko ɗaya a inji.

Na danna maɓallin zafi, ya ƙi, domin umarnin ofis yake bi. Na fito da gudu.

"Ka mayar da kwanan wata. Inji ya kashe zafi."

"Yaya, ba matsala, ai saƙo ya ce komai lafiya."

"Saƙon wancan watan ne, sakarai. Ƙwaina na sanyi."

Ya juya ga kwamfuta, ya rasa inda ya bi ya shiga ɗazu. Ya danna nan, ya danna can, kalanda ta tafi wata shekara da ko jikokinmu ba za su gani ba. Ya ce bari ya zare waya daga baya, sai ga sarƙa ta rufe wurin. Mabuɗin kwaɗo kuwa yana hannun mai gadi, mai gadi ya tafi cin abinci.

Kafin a nemo shi dillalai sun fara isowa. Da ma kusa suke, kuma babbar ƙofa a wangale take tunda sarƙarta na ofis. Mata da maza, kowa da tarin kwalaye masu huji a ka, suka cika tsakar gida suna tambayar ina 'yan tsaki. A gabansu akwai wata dattijuwa da muke kira Inna Mai Kwali, wadda ta fi shekara ashirin tana sarar kaji kuma ba ta taɓa rage murya don kowa ba. Ta kutso ofis da waya a hannu.

"Manaja, na ga saƙo na zo. Amma wannan takardar da ke manne da saƙon ta mece ce?"

Sai a lokacin muka lura. Gurbin da ƙanina ya cusa satifiket ɗinsa gurbin hoton mai aika saƙo ne. Da hoton ɗan tsako ne a wurin. Yanzu duk saƙon da ya fita, da takardarsa yake fita, zuwa wayar mutum arba'in da wani abu. Inna ta buɗa hoton da yatsu biyu, ta miƙa wa mai hoto ta ce idonta ba ya gani, ya karanta mata. Shi kuwa ya gyara murya.

"Ana shaida cewa mai wannan takarda ya halarci taron wayar da kai na yini ɗaya, a kan yadda ake kunna kwamfuta da yadda ake kashe ta."

"Ya ci jarrabawa?" in ji Inna.

"Ya halarta, aka ce."

Dariyar ta faro daga ofis ta bi ta taga ta fita tsakar gida, inda kowa ya riga ya buɗe nasa hoton. Direba ya zauna a ƙasa. Ba-Matsala ya ce yinin dogo ne, tun safe har la'asar, amma babu mai sauraro.

Ni ban yi dariya ba. Allura tana sauka, kuma a cikin kowane ƙwai akwai rai da na kwana goma sha takwas ina lallaɓawa. Na ƙwace kwalayen Inna, na ce duk mai son ɗan tsako ranar Alhamis ya biyo ni. Muka hau kan inji da tsanin da aka sauko da satifiket, muka toshe tagogin iska da kwalaye, Direba ya cusa rigarsa a inda kwali bai kai ba. Sannan na kira Injiniya, na sa wayar a lasifika, kunya ta jira wani lokaci.

Ta ɗauka, jariri na kuka a kusa da ita. Na gaya mata komai a numfashi ɗaya.

"Sarƙa?" ta ce.

"Da kwaɗo."

"To. A fara gyara kwanan wata." Ta faɗa wa mai hoto inda zai danna, ya danna. Fankoki suka tsaya, fitilar zafi ta kama, jan rubutu ya dawo. "Yanzu a sa sabuwar takardar. Ba takarda ce ta hannu ba, ɗan fayil ne da kwamfuta ke nuna wa zauren hira don ya gane ita ce. Duk shekara ake sabuntawa. Ai na bar ta a filashi, na ce a ba Manaja ya sa ranar Litinin."

"Wa kika ba?" in ji Manaja.

"Mai sito. Mai jan zare ne."

Idanu arba'in da wani abu suka sauka a ƙirjin ƙanina. Ya kalli filashin kamar yau ya fara ganinsa.

"Na ɗauka alamar riƙon ƙwarya ce," ya ce a hankali.

Inna da kanta ta cire masa shi ta ka. Mai gadi ya dawo yana suɗe hannu aka buɗe kwaɗo, aka soka filashi, Injiniya ta ce danna nan, danna can, tana jijjiga jariri. Duka bai kai minti uku ba.

"Saura abu ɗaya," ta ce. "A kashe kwamfutar a sake kunnawa. Akwai wanda ya iya?"

"Wannan kam muna da ƙwararre," in ji Manaja. "Har da takarda."

Aka buɗa masa hanya. Ya tako a tsakiyar dillalai, ya miƙa yatsa, ya kashe, ya jira, ya kunna. Ba zan yi masa ƙarya ba, ya yi shi daidai. Wayoyi suka yi ƙara, saƙo ya ce zafi yana hawa. Ƙwai sun sha sanyi na minti arba'in, kuma babu wanda ya san abin da hakan ya yi musu, ko Injiniya. Manaja ya ce maganar ƙofa ɗaya tana nan, sai abin da Alhamis ta nuna.

Kwana uku ban yi wa ƙanina magana ba. Ya mayar da sarƙa, ya goge hatimi da kananzir, ya tura kujera mazauninta, ya koma sito ya rufe ƙofa. Ko wurin mai shayi bai je ba.

Ranar Alhamis da sassafe ina tsaye gaban gilashin inji, ƙwai jere fari fat, babu wanda ya motsa. Sai na ji mutum a bayana. Ya daɗe a tsaye, hannuwa a baya, bai ce komai ba, abin da ban taɓa gani ba tun da ya koyi magana.

"Yaya," ya ce daga baya, "za su fito kuwa?"

Na juyo da niyyar in wanke shi tas. Sai na ga idonsa ya yi ja, kuma ba aikinsa yake ji wa tsoro ba, nawa yake ji wa. Na fasa faɗin abin da na tanada na kwana uku.

"Ba matsala," na ce.

A tire na uku wani ƙwai ya tsage, ɗan baki ya leƙo. Na kusa da shi ya biyo baya. Kafin azahar ɗakin ya cika da kuka har ba ka jin maganar na kusa da kai. Ɗari huɗu da 'yan kai ba su fito ba, kuma na ji zafinsu. Sauran kuwa, Inna da mutanenta suka kwashe su a cikin kwalayen da suka toshe iska da su. Manaja bai sake maganar ƙofa ba.

Da yamma na fito zan tafi gida, na hango ƙanina a bencin mai shayi, ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya ɗaga yatsa ɗaya sama yana nuna wa wasu baƙi.

"Da wannan," yake cewa, "na ceci rai dubu goma sha ɗaya da ɗari biyar."

Wayata ta yi ƙara a jaka. Saƙon rabin awa ne, zafi kaza, laima kaza, ga satifiket ɗinsa a gefe. Injiniya ta ce ta san yadda ake mayar da hoton ɗan tsakon, amma sai ta dawo daga hutu, kuma ba ta gaggawa.